Kukun Otal: Aikinsa, Tsufansa, da Komawarsa Gida Ƙasar Ruma

Ya mai karatu, ka sani kowane masauki mutum biyu ke riƙe da sunansa: wanda ke tarbar baƙo a bakin ƙofa, da wanda ke tsaye a bakin murhu. Na farkon kowa ya san fuskarsa. Na biyun kuwa, baƙo yakan kwana bakwai yana cin abin hannunsa, ya tashi bai san ko dogo ne ko gajere ba. Shi ne ake ce wa kuku. Bayani zai zo a kan yadda yake shiga wannan sana'a, da abin da yake gamuwa da shi a cikinta, da abin da yake tararwa in ƙarfi ya ƙare ya juyo gida, musamman in gidan nan ƙasar Ruma ne, yamma da birnin Katsina.

Fatake ba baƙi ba ne ga sha'anin masauki. Tun zamanin da ayari ke tashi zuwa Gwanja sayen goro akwai zango, akwai fatoma mai saukar da baƙi, ya ajiye musu kaya, ya sada su da dillali. Amma abinci a wancan tsari matan gida ke dafawa, ko masu tuwon sayarwa. Rabon namiji a wajen abinci bai wuce fawa ba, da tsire, da balangu, da kilishi. Saboda haka da aka fara ganin ƙato da gemunsa yana yankan albasa don albashi, sai mutane suka ɗauke shi abin dariya, har wani uban yakan yi nauyin ba shi 'yarsa.

Asalin sana'ar kuwa zuwan Turawa ne. A 1903 suka ci Kano da Sakkwato, suka shiga Katsina. Razdan da Di'o ba su cin tuwo, kuma aikinsu rangadi ne, don haka aka gina barikoki a kan hanyoyi inda za su riƙa sauka. Ko'ina Bature ya nufa, 'yan alaro na ɗauke da akwatunan abincinsa, kukunsa yana gaba, domin ya riga shi isa ya hura wuta. A nan dajin aka koyi aikin. Kuku yakan mai da garwar kananzir tanderu, ya rufe ta da garwashi sama da ƙasa, ya fito da burodi. Ruwan sha sai ya tafasa shi ya tace. Kaza guda ya san yadda zai fitar da romo daga ƙashinta, ya gasa tsokar, gobe ya niƙa saura ya soya. Karatunsa duk a ka yake, gama yawancinsu ba su san boko ba. Matar Bature ta nuna sau ɗaya, shi ke nan ya riƙe, kamar yadda ɗalibi ke riƙe hadda.

Ba a wayi gari an zama kuku. Yaro yakan baro ƙauyensu da kaka ya tafi cin rani, kamar yadda samarin ƙasar Ruma da sauran ƙasashen Katsina suka saba. In ya faɗa gidan Bature ko gidan saukar baƙi, farkon aikinsa faskare ne da ɗiban ruwa da wankin tukwane. In an ga hankalinsa, a ba shi fiɗar kaza da feraye dankali. Shekaru sai su shuɗe kafin a bar shi ya sa gishiri a miya da hannunsa. Wanda ya yi haƙuri ya zama yaron kuku, daga nan ya zama kuku. Wanda ya ƙosa ya koma dako a kasuwa.

Da zamani ya juya, aikin ya tashi daga gidan mutum ɗaya ya koma gidan jama'a. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, jirgin sama ya fara sauka can a 1925, baƙi suka yawaita. Gwamnatin Jihar Arewa ta tanadi gidajen saukar baƙi masu dafa abinci a manyan garuruwan larduna. Sa'an nan manyan otal suka tashi: Central a Kano, Hill Station a Jos, Hamdala a Kaduna zamanin Sardauna. Gwamna Audu Bako, wanda ya riƙe Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, ya gina otal a bakin tafkin Bagauda. An gina Durbar a Kaduna domin baƙin babban bikin al'adu na 1977. Katsina ma, wadda ta zama jiha a 1987, an san ta da Liyafa da Katsina Motel.

Kicin na babban otal ba kamar na gida ba ne, ya fi kama da fada. Akwai shugaba, akwai wakilinsa, kowane sashe da mai shi: wannan nama, wannan miya, wancan burodi da kayan zaƙi, wani kuma sito. Wani Bafaranshe mai suna Ogus Eskofiye, wanda ya riƙe kicin na otal ɗin Savoy a Landan daga 1890, shi ya daidaita wannan tsari, ya bazu duniya. A cikinsa Bahaushe ya tarar da abokan aiki daga Kudu, da Filato, da Dahomi da Togo, waɗanda suka yi suna a girkin Faransa. Bayan haka aka fara koyar da sana'ar a makaranta, kamar Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, sai ga yaro da takarda an ɗora shi a kan dattijon da ya shekara ashirin a bakin wuta. Da yawa daga tsofaffin hannu a nan suka tsaya, sun iya aiki, ba su da shaida.

To, ina nauyin wannan sana'a yake? A amana yake. Mai sayen yadi yana iya ɗaga shi ga rana ya duba, mai sayen hatsi ya tsoma hannu a buhu. Mai cin abincin otal kuwa ba ya ganin kome sai farantin da aka ajiye masa. Ko naman ya kwana, ko wuta ta ɗauke firji ya huce, ko an wanke ganye da ruwa mai tsabta, duk wannan tsakanin kuku ne da Ubangijinsa. Kuskurensa na rana ɗaya ya isa ya kwantar da mutum ɗari. Haka kuma sito a hannunsa yake, ga mai, ga sukari, ga fulawa, kuma masu kawo kaya ba su rasa mai raɗa masa a ƙara lissafi a raba. Ɗan kasuwa ya san irin wannan jarrabawa, gama ita ce ta mudu da sikeli.

Ga Musulmi akwai ƙari. Nama dai ba shi da damuwa ƙwarai, tun da mahautan gari ke yankawa. Amma girkin Turawa yana shigar da naman alade, wani kuma da giya ake haɗa shi. Wani kuku yakan nemi a bar wannan sashe ga abokin aikin da addininsa bai hana shi ba, wani yakan bar wurin ɗungum ya nemi inda babu. In watan azumi ya kama, yana tsaye a bakin wuta tun safe yana dafa wa matafiya, alhali littattafan Malikiyya sun karhanta wa mai azumi ɗanɗana gishiri. Don haka gwani yakan koyi awo da tafin hannu, ya gane nunar miya da ƙamshinta da launinta. Wanda ya riƙe salla da azumi shekara talatin a irin wannan wuri, bai cancanci a raina shi ba.

Sai kuma ranar da kasuwa ta juya. A 1986 darajar naira ta faɗi, a 1987 gwamnati ta hana shigo da alkama, burodi ya yi tsada, kayan gwangwani suka gagara. Otal-otal na gwamnati suka fara ciwo ɗaya bayan ɗaya, abin da ya ci Doma bai bar Awe ba. Na Bagauda ya koma makarantar horon lauyoyi. Durbar ya daɗe kango, aka rushe shi a watan Janairu na 2020. Mutumin da ya ba gini ƙuruciyarsa, yana tsammani ginin zai riƙe tsufansa, sai ga shi ya fi ginin tsawon rai.

Abin sallama ma bai taka kara ya karya ba. Tun 1961 akwai asusun da ake tara wa ma'aikatan kamfanoni, a ba mutum dunƙule ɗaya in ya bar aiki, amma tsadar kaya ta cinye amfaninsa. Dokar fansho ta 2004, wadda aka sabunta a 2014, ta ce ma'aikaci ya zuba kashi 8 cikin 100 na albashinsa, mai aiki ya ƙara masa kashi 10. A 2019 kuma aka buɗe ƙofa ga masu sana'ar kansu su riƙa tarawa. Sai dai doka tana aiki ne inda aka rubuta sunan mutum a littafi, kuma kuku nawa ne aka ɗauka da baki aka sallama da baki?

Saboda haka burin mai hankali a cikinsu shi ne gida. Ƙasar Ruma ƙasar noma ce da kiwo, ana samun gero da dawa da wake, Batsari kuma ta yi suna a rogo da dankali. Tsohon kuku in ya dawo ba ya iya zaman dandali, domin jikin da ya saba tashi kafin asalatu ba ya karɓar zaman banza. Abin da ya fi jan ransa lambu ne. Ya shekara da shekaru yana karɓar latas da karas da kabeji da tumatir daga hannun masu kawowa, ya san mai kyau tun daga nesa, yanzu yana so ya ga ya fitar da nasa a fadama. Wani ya kafa ɗakin tattabaru, wani kaji da zabi, wani ya ɗaure raguna yana jiran layya, wani ya rataya amya a bishiya. In ana biki ko saukar karatu, shi ake kira ya faɗi buhu nawa zai ishi jama'a, kuma ba ya kuskure. Mafi kyau duka, da yawa sukan ɗauki littafi su koma gaban malami, su ci gaba daga inda cin rani ya yanke musu. Dattijo mai furfura yana biya Ahalari tare da sa'o'in jikokinsa ba abin kunya ba ne, abin sha'awa ne.

Amma wannan hutu ya gamu da cikas. Ruma tun can garin bakin daga ne, a ƙarni na 19 ita ke fuskantar hare-haren Maraɗi, kuma sunan jarumi Ɗanwaire yana manne da ita. A wannan zamani fitinar daga dajin Rugu ta ɓullo. Ta fara da satar shanu, ta kai ga satar mutane. A 2019 Gwamna Aminu Bello Masari ya yi sulhu da 'yan bindiga, bai ɗore ba. A watan Fabrairu na 2020 aka kashe mutum wajen 30 a ƙauyukan Tsauwa da Dankar na ƙasar Batsari. A Satumba ta 2021 aka yanke layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da Batsari da Safana. A irin waɗannan shekaru ragunan da tsoho ya tara su ne ke jawo masa ɓarayi, gonar da ke nesa da gari ba ta zuwuwa, wanda kuma aka san ya yi aiki a birni ana zaton yana da ɓoyayyen kuɗi. Mutane da yawa suka kwashe iyali suka koma cikin Batsari, ko Dutsin-ma, ko Katsina.

A nan ne sana'ar da aka raina ta nuna amfaninta. Manomi in ya yi gudun hijira ba ya iya ɗaukar gonarsa a ka, makiyayi in an kore garkensa ya koma hannu rabbana. Kuku kuwa jarinsa a hannunsa yake. Da tanderu ɗaya da rabin buhun fulawa yana iya fara gashin burodi a lungun da ya sauka, ko ya kafa teburin shayi, ko ya karɓi kwangilar girkin biki, ya ci da iyalinsa ba tare da ya miƙa hannu ga kowa ba.

Don haka, ya ku malamai, in almajiri ya sauke ko ya kusa, aka ga hannunsa yana da tsabta kuma ba ya ha'inci, kada a hana shi koyon girki don gudun maganar mutane. A dai koya masa halal da haram tukuna. Ya ku 'yan kasuwa masu gina masaukai da gidajen abinci, ku rubuta sunan ma'aikacinku, ku zuba masa abin da doka ta ce, gama guminsa ne ke cika muku ɗakuna. Inda kuma akwai tsohon kuku a unguwa, a tura masa yara biyu ko uku su zauna gabansa tun yana da sauran gani, domin abin da ke kansa ba a rubuce yake ba, ranar da aka kai shi makwanci tare za a rufe su.

Allah ya zaunar da ƙasar Ruma lafiya, ya mai da kowa gonarsa, ya sa a gama da duniya lafiya. Wassalam.