Abin da Ke Hana Jirgin Ruwa Kifewa

Ƙaramar ƙusa takan nutse a ruwa, amma jirgin ƙarfe mai nauyin dubban tan yana tafiya a kan teku. Masanin nan Bagirke, Arkimidis, ya bayyana dalili fiye da shekaru 2,000 da suka wuce: duk abin da aka tsoma a ruwa, ruwan yana tura shi sama da ƙarfi daidai da nauyin ruwan da ya ture. Jirgi yana da faɗi, cikinsa kuma sarari ne, saboda haka yakan ture ruwa mai yawa. Idan aka ƙara masa kaya sai ya ƙara lumewa. Shi ya sa ake zana layi a gefensa, wanda bai kamata ruwa ya haye ba. A shekarar 1876 dokar Birtaniya ta wajabta wannan layi.

Sai dai jirgi yana iya kifewa tun bai kai ga nutsewa ba. Idan kaya masu nauyi suna can ƙasa, igiyar ruwa za ta karkata shi, ya sake miƙewa da kansa. Idan kuwa an jibge su a sama, miƙewar takan yi wuya.

Abin da ya fi wannan hatsari shi ne ruwan da ya shiga ciki yana kai da komowa. Ɗalibi ya gwada ɗaukar faranti mai faɗi da ruwa a ciki: da zarar ya karkata kaɗan, duk ruwan sai ya kwarara gefe guda. Haka yake faruwa a jirgi. Ranar 6 ga Maris, 1987, jirgin fiton nan Herald of Free Enterprise ya tashi daga tashar Zeebrugge ta ƙasar Beljiyam, ƙofofinsa na gaba a buɗe. Ruwa ya malala a faffaɗan benen da ake ajiye motoci, wanda ba a raba shi da bango ba. Cikin ƙasa da minti biyu jirgin ya kwanta a gefensa, mutum 193 suka rasu.

Don haka idan jirgi ya huje, ma'aikata sukan fara rufe ƙofofin da ke tsakanin ɗakunan ƙasa domin a tsare ruwan wuri guda, sannan su toshe ɓular, su tayar da famfo. Ko ruwan da aka kashe gobara da shi ba a barinsa ya taru a bene na sama, nan take ake fitar da shi.