Tsatsa a Cikin Tsoka

Kowane yaro da ya tashi a ƙasar Funtuwa ko Malumfashi ya san abin da ke samun fartanya in an manta da ita a gona da damina. Kafin 'yan kwanaki sai a tarar bakinta ya yi ja, in ta daɗe kuwa har ƙarfen ya riƙa marmashewa. Goro ma in an ɓare shi an ajiye, sai launinsa ya juya. Mai yin wannan aiki wani kashi ne na iskar da ake shaƙa, sunansa oksijin.

Abin mamaki, wannan iska ita ce kuma ke riƙe da rai. Jikin mutum an gina shi ne da 'yan ƙwayoyi ƙanana ƙwarai, waɗanda ba a ganinsu sai da madubin likita. Kowace ƙwaya tana da kamar ɗan murhu a cikinta, inda take ƙona abinci da oksijin don ta sami ƙarfi. To, wuta ba ta rasa tartsatsi. Tartsatsin nan yana cin ƙwaya kamar yadda tsatsa ke cin ƙarfe. Amma Allah ya sa wa jiki masu gadi da ke kashe shi. Waɗansu jiki ke yi da kansa, waɗansu kuwa daga abinci suke zuwa, kamar zogale da gwaiba da tumatir. In tartsatsi ya rinjayi masu gadi, sai ƙwaya ta tsufa tun lokacinta bai yi ba.

Akwai wata cutar tsoka da ke nuna wannan a fili. Wani likita Bafaranshe, Duchenne, shi ya bayyana ta filla-filla a 1868, don haka ake kiranta da sunansa. Kusan maza kaɗai take kamawa, wajen ɗaya cikin 5,000. Yaro yakan fara tafiya, amma yana shekara uku ko huɗu sai a ga yana yawan faɗuwa, ba ya iya bin tsaransa da gudu. In zai tashi daga ƙasa sai ya dafa gwiwa, ya dafa cinya, kamar mai hawan jikin kansa. Sha-raɓarsa takan yi kauri, mutane su ce ai ga ƙarfi nan, lalaci ne kawai ya yi masa yawa. Alhali kuwa kitse ne da tabo suka maye gurbin nama. Wajen shekara 12 yawancinsu tafiya takan gagara.

Waɗansu sukan ɗauka shan inna ne. Ba shi ba ne. Shan inna yakan zo farat ɗaya bayan zazzaɓi, kuma riga-kafi yana hana shi. Wannan kuwa sannu a hankali take ci, ba a ɗaukarta wajen wasa ko cin abinci tare. Ta gado ce, ta wajen uwa, ita uwar ba ta ma san tana ɗauke da ita ba. Misalin ɗaya cikin uku ma ba gadonta suka yi ba, a kansu ta fara.

A 1987 masana a birnin Boston na Amurka suka gano abin da irin wannan yaro ya rasa, suka sa masa suna distirofin. Aikinsa kamar na zaren da ke riƙe da buhun auduga ne. In ba ɗinki mai ƙarfi, duk sa'ad da aka ɗaga buhu sai ya yage. Haka rigar ƙwayar tsoka ke yagewa kullum yaron ya motsa, tartsatsi ya yi yawa, tsatsa ta shiga. Akwai ƙwayoyi masu faci, suna yi, suna yi, har su gaji su tsufa, shi kuwa mai su bai wuce aji huɗu ba.

Saboda wannan tsatsa ne masana suka juya ga wani haske da ake kira leza, wanda aka ƙera a 1960. A 1967 wani likita a ƙasar Hangari, Endre Mester, ya haska mara ƙarfinsa a bayan ɓerayen da aka yi wa aski, sai ya ga gashinsu ya riga na sauran tsirowa. Daga baya aka gwada jan hasken nan a kan ɓeraye masu ciwon tsoka, aka ga kumburi da tsatsa sun ragu. Amma ɓera ba mutum ba ne, kuma haske ba ya mayar da zaren da aka rasa. Har yanzu ba a tabbatar yana warkar da yaro ba, bai kamata uba ya sayar da san nomansa dominsa ba.

Abin da aka tabbata yana taimako shi ne a gane cutar da wuri. Gwajin jini yana nuna alamarta, kuma asibitin koyarwa na Shika yana nan bakin hanyar Funtuwa zuwa Zariya. Likita yakan ba da magani irin kotizon, wanda kan ƙara wa yaro 'yan shekaru yana tafiya da ƙafarsa. Akan koya wa iyaye miƙe masa gaɓoɓi a hankali don kada su ƙage, akan kuma riƙa auna zuciyarsa da numfashinsa, gama su ma da tsoka suke aiki. Noma da ɗaukar kaya, waɗanda ke ƙara wa tsaransa ƙarfi, shi ƙara yaga masa tsoka suke yi.