Ɗigar fitsari bayan haihuwa: abin da bincike ya nuna

Ke uwa, idan fitsari yana kuɓuce miki sa'ad da kika yi tari, ko atishawa, ko kika ɗaga tulu zuwa kai, ki sani ba ke kaɗai ba ce. Binciken da ya tattara rahotanni daga ƙasashe da dama ya nuna cewa kusan mace 1 cikin 3 tana fama da wannan a watanni 3 na farko bayan haihuwa. Kunya ce ke sa ba a jin maganar, har a layin awon yara.

A ƙasan ƙugu akwai tsokoki da suke riƙe da mafitsara da mahaifa da ƙarshen hanji, kamar yadda ragaya take riƙe da ƙwarya. Nauyin ciki da naƙuda suna sa su saki. Haihuwa kusa da kusa, da ɗaukar kaya masu nauyi, da tari mai daɗewa, da yunƙuri wajen bayan gida suna ƙara raunana su.

Tsoka ce, don haka tana ƙarfafa idan an motsa ta. Tun 1948 wani likitan mata a Amurka, Arnold Kegel, ya bayyana wannan motsi. A 2018 masu bincike na Cochrane suka haɗa sakamakon gwaji 31. Cikin matan da fitsari ke kuɓuce musu wajen tari ko aiki, 56 cikin 100 na waɗanda suka yi motsin sun ce sun warke. Cikin waɗanda ba su yi ba, 6 kawai. Ba a sayen magani, ba a biyan kuɗin mota.

Ga yadda ake yi. Ki matse gabanki da duburarki kamar kina riƙe iska, ki ja su sama, ki ƙirga zuwa biyar kina numfashi, sannan ki saki sarai. Ki maimaita sau 8, sau 3 a yini. Kada ki matse ciki ko cinyoyi, kuma kada ki riƙa yi a lokacin da kike fitsari. Kina iya yi kina shayarwa ko kina tsince wake, ba wanda zai sani. Sai dai yana son haƙuri: a ba shi wata 3 kafin a ce bai yi ba. A nan ne mata da yawa suke bari, bayan sati biyu.

Abin da ya fi damuna a matsayina na mai aikin abinci shi ne dabarar rage shan ruwa. Na fahimci dalilin: mace tana son ta kare zanenta da alwalarta. Amma fitsarin da ya yi kauri yana takura mafitsara, ƙarancin ruwa kuma yana busar da ciki, yunƙurin ya ƙara sakin tsokar. Ga zafin ƙasarmu, ga shayarwa. Ki sha ruwa duk lokacin da kika ji ƙishi. Ki ci kwaɗon zogale, da wake, da miyar kuka ko rama, don ciki ya yi laushi. Idan akwai abin ragewa, shayi mai ƙarfi ne.

Akwai kuma wata cuta dabam da bai kamata a haɗa ta da wannan ba. Idan fitsari yana zuba dare da rana ba tsayawa, bayan doguwar naƙuda, wannan yoyon fitsari ne: kan jariri ya daɗe yana danne nama har ya huje tsakanin mafitsara da gaba. Motsi ba ya rufe huji. Aikin likita ne, kuma ana yin sa a Niamey da Damagaram da Danja kusa da Maradi. Idan an je da wuri, ƙaramin huji sabo kan rufe da robar fitsari da za a bari na wasu satuttuka. Yarinyar da ta tashi da tamowa takan zama gajera da ƙaramin ƙugu, ita ce naƙuda ta fi yi wa gardama, balle in ta yi ciki kafin jikinta ya nuna.

Ku kuma masu faɗakarwa na gari, kada ku jira uwa ta fara maganar. Ku keɓe da ita, ba gaban kishiya ko suruka ba, ku tambaye ta: wajen tari ne kawai, ko kullum a jiƙe take? Idan kullum ne, ko akwai zafin fitsari, ko jini, ko zazzaɓi, ko tana jin wani abu na sauko mata ta gaba, ku raka ta asibiti mafi kusa a ranar.