SABUWAR KWAMFUTA MAI YAWAN RUFE MANHAJA: YADDA AKE GANO DALILI

Gabatarwa

Tun daga ran 12 ga Disamba, 1991, lokacin da mazaunin Gwamnatin Tarayya ya tashi daga Legas ya koma Abuja, aikin ofis a Babban Birnin Tarayya yake ta ƙaura daga tafireta zuwa kwamfuta. A yau ɗalibai, da masu zanen gine-gine, da masu haɗa fina-finai, da masu shagunan buga takardu duk da ita suke neman abinci. Da yawa daga cikinsu sukan sayi sassanta ɗai-ɗai a kasuwanni irin su Banex Plaza da ke Wuse II, ko kuwa su aika Computer Village ta Ikeja, sa'an nan su ba mai gyara ya harhaɗa musu.

Sau da yawa irin wannan kwamfuta takan tashi lafiya lau, amma ana cikin aiki sai manhaja ta rufe da kanta, aikin sa'o'i ya salwanta. Gobe ma haka, jibi ma haka. Manufar wannan ƙasida ita ce a bayyana wa jama'a cewa wannan cuta tana da dalili, ana kuwa iya gano shi idan an bi bincike daki-daki tun kafin wa'adin mayar da kaya ya wuce.

Abin Da Ke Faruwa A Ciki

Manhaja jerin umarni ce. Furosesa, watau ƙwaƙwalwar kwamfuta, ita ce take ɗauko umarnin daga ma'ajiyar wucin gadi da ake kira ram, ta aiwatar da su miliyoyi cikin daƙiƙa guda. Idan lamba ɗaya tak ta gurɓace a hanya, manhajar takan nufi wani gurbi na ma'ajiyar da ba nata ba, nan take sai Windows ta rufe ta domin kare sauran ayyuka. Saboda haka manhajar da ta rufe ba lalle ne ita ce mai laifi ba. Wani lokaci ita ce kawai ta fara taka wurin da ɓarnar take.

Alamu iri uku ne, kuma wajibi ne a rarrabe su. Idan manhaja ɗaya ce kullum take rufewa, to, zargi ya fi karkata gare ta ko ga direban wani sashe. Idan manhajoji dabam-dabam ne suke rufewa ba tsari, sai a tuhumi ram ko furosesa. Idan kuwa kwamfutar ce ɗungum take mutuwa ko ta sake tashi da kanta, galibi zafi ne ko wutar lantarki.

Ƙa'idoji Biyu

Ta farko, a tanadi ɗan littafi a riƙa rubuta rana da lokaci, da sunan manhajar da ta rufe, da aikin da ake yi, da kuma ko wutar gari ce ko ta janareto. Ta biyu, kada a canja abu biyu a lokaci guda. Wanda ya canja abu uku rana ɗaya, ko da cutar ta tafi, bai san maganin ba, kuma bai san sashen da zai mayar wa mai shago ba.

An saba a ji masu gyara suna cewa a yi fomatin, watau a goge kome a sake zuba Windows. Wannan ba ya gyara sashen da ya lalace, sai dai ya shafe bayanan da za su nuna inda laifin yake. A bar shi ya zama mataki na ƙarshe. Kafin a taɓa kome kuwa, a kwafe muhimman takardu a wani faifai dabam.

Matakan Bincike

1. A karanta rahoton kwamfutar. Windows tana rubuta kowace rufewa. A buɗe Reliability Monitor, za a ga jadawalin kwanaki da jar alama a kan ranar da aka sami matsala. A cikin Event Viewer kuma, rahoto mai lamba 1000 yana faɗin sunan manhajar da ɓangaren da ya gaza. Lambar 0xc0000005 tana nufin an taɓa gurbin ma'ajiya da aka hana. Rahoto mai lamba 41 kuwa yana nuna cewa kwamfutar ta mutu ba tare da an kashe ta bisa ƙa'ida ba.

2. A sabunta direbobi da bayos. Direba ƙaramar manhaja ce da take fassara tsakanin Windows da kowane sashe, kuma na katin hoto ya fi kowanne jawo rufewa. A sauko da shi daga shafin kamfanin da ya ƙera katin. Bayos kuwa shi ne umarnin farko da ke cikin babban allon da aka dasa dukan sassa a kansa. Allon da ya daɗe a shago yakan zo da tsohon bayos wanda bai san sabuwar furosesa sosai ba. Kada a soma sabunta shi sai da tabbacin wuta ba za ta ɗauke ba, domin yankewarta a tsakiyar aikin tana iya kashe allon. Har wa yau a guji manhajojin sata da aka fasa makullinsu, gama sukan zo a gurgunce ko ɗauke da ƙwayar cuta.

3. A gwada ram. A kashe kwamfuta, a zare wayar wuta, a danna kowane sanda har maƙallinsa ya kama. A allo mai gurbi huɗu, sanduna biyu galibi a gurbi na biyu da na huɗu ake sa su, idan an ƙirgo daga wajen furosesa. Littafin allon zai tabbatar da haka. Bayan wannan a duba saitin gudu da Intel ke kira XMP, AMD kuma EXPO. Ram irin DDR5 yakan fara ne a gudun 4800, saitin kuma ya ɗaga shi zuwa 6000 ko fiye, alhali ba kowace furosesa ce take jure wannan ba. A kashe saitin a yi aiki kwana biyu a gani. Sa'an nan a bar MemTest86 ya kwana yana gwaji. Kuskure ko ɗaya ne ya isa shaida. Sai a gwada sandunan ɗaya bayan ɗaya don a ware mai laifi.

4. A auna zafi. Furosesa ta zamani takan rage gudu da kanta idan ta kai wajen digiri 95 zuwa 100 a ma'aunin Salshiyas. Sabuwar kwamfuta da take kaiwa nan da ƙaramin aiki, akwai kuskure a haɗinta: ko an manta ba a ɓare ledar da ke ƙasan abin sanyayawa ba, ko ba a shafa man da ke tsakaninsa da furosesa daidai ba, ko ba a jona wayar fanka ba. Zafin watan Maris da Afrilu a Abuja, da ƙurar hunturu, duk suna ƙara tsananta abin. Kada a cusa kwamfuta cikin akwatin tebur inda iska ba ta zagayawa.

5. A duba wuta. Ma'aunin wutar gida a Nijeriya bolt 230 ne, amma takan hau ta sauka, musamman lokacin sauyawa zuwa janareto. Idan littafin rubutu ya nuna cewa a irin wannan lokaci matsalar take zuwa, a nemi sitabilaiza da batirin ko-ta-kwana. Haka kuma akwatin rarraba wuta na cikin kwamfutar, in ƙarfinsa bai kai bukatar katin hoto ba, zai gaza daidai lokacin aiki mai nauyi. A nan ne masu saye suka fi yin tsimi, araha kuwa ba ta ado. Wasu akwatunan da aka shigo da su na hannu suna da maɓallin 115 da 230 a baya. Lalle ya kasance a kan 230.

6. A duba faifan ajiya. Manhajar CrystalDiskInfo tana nuna lafiyarsa da yawan sa'o'in da ya yi yana aiki. Ta haka ake gane tsohon faifai da aka sayar da sunan sabo.

Darasi Daga Shekarar 2024

Wani lokaci laifin daga masana'anta yake. Masu kwamfutocin tebur da ke ɗauke da furosesar Intel Core ta zubi na 13 da na 14, waɗanda suka fito a 2022 da 2023, sun daɗe suna kukan rufewar manhajoji a ƙasashe da dama. A watan Yuli na 2024 kamfanin ya bayyana cewa wani kuskure a umarnin cikin furosesar yana sa ta neman wuta fiye da kima. Ya fitar da gyara ta hanyar sabunta bayos a watan Agusta da Satumba, ya kuma ƙara shekara biyu a kan garanti. Gyaran yana hana ɓarna ta gaba, amma furosesar da ta riga ta lalace sai dai a musanya ta. Duk mai irin wannan furosesa ya tabbata bayos ɗinsa sabo ne.

Haƙƙin Mai Saye

Dokar Tarayya ta Gasa da Kare Haƙƙin Masu Saye ta 2018 ta ba mai saye ikon mayar da kaya mai aibi cikin wata uku da karɓarsa, a gyara masa, ko a musanya, ko a mayar masa da kuɗinsa. Hukumar FCCPC, wadda hedkwatarta take Abuja, ita ce take karɓar ƙorafi idan mai shago ya ƙi. Don haka a karɓi rasit mai ɗauke da sunan kowane sashe da lambarsa, a adana kwalaye, a kuma ɗauki hoton sakamakon gwaji. Mai zuwa shago da shaida a hannu ya fi mai zuwa da baki kawai.

Kammalawa

Hausawa sun ce tun ran gini ran zane. Duk wanda aka harhaɗa wa kwamfuta ya gwada ram, da zafi, da faifai a makon farko, ko da bai ga wata alama ba. Idan kuwa manhaja ta rufe da kanta sau uku cikin mako guda, ya buɗe littafinsa ya soma bincike daga mataki na ɗaya, tun wata ukun ba su ƙare ba.