Kwas na Sati Shida da Ɗakin Amarya

Jama'a, duk wanda yake bi ta Aboabo ko Asawase ko Sawaba a nan Kumasi ba zai rasa ganin takardun talla manne a bangaye da turakun lantarki ba, ana kiran mata da 'yan mata su zo su koyi sana'a cikin sati biyu, ko sati shida, ko wata uku. Wasu ɗinkin labule da zanen gado da rigar matashi suke koyarwa, wasu rini, wasu kuwa yadda ake lulluɓe tsohuwar kujera da sabon yadi. Yanzu ma har ta WhatsApp tallan yake iske mutum a cikin ɗakinsa. Iyaye da dama sun tare mu a ƙofar makaranta ko bayan sallar Juma'a suna tambaya: Malam, abin nan na gaske ne, ko kuwa hanyar cin kuɗi ce? To, ga abin da muka gani, ga kuma shawararmu.

Da farko dai koyar da sana'ar hannu a aji ba sabon abu ba ne a ƙasar nan. Tun a 1970 gwamnati ta kafa hukumar NVTI don horar da masu sana'a da ba su takardar shaida. Da aka sauya tsarin ilimi a 1987 aka kawo JSS, cewa aka yi kowane yaro zai fita da wata sana'a a hannunsa. Mu da muka yi JSS a shekarun 1990 mun san yadda abin ya kasance a makarantu da yawa: an kawo akwatin kayan aiki amma babu ɗakin aiki, sai malami ya zana zarto a allo mu kwafa a littafi. Mun ci jarrabawa, amma ƙusa ɗaya ba mu buga ba. Wannan tsoro ne yake sa mu duba kowane sabon kwas da ido biyu.

Hanyar da aka sani a zango ita ce a kai yaro wajen maigida ko uwargida, ya yi kamar shekara 3 yana shara da aike da guga kafin a bar shi ya taɓa almakashi. Hanya ce mai kyau, ita ta ba mu teloli da kafintocin da muke da su. Amma fa ba kowa ne yake da shekara 3 ba. Matar aure mai 'ya'ya huɗu ba za ta iya ba. Yarinyar da ta gama sakandare tana jiran sakamako, wata 'yan kaɗan gare ta. Ga irin waɗannan gajeren kwas yake da amfani, muddin an san iyakarsa.

Iyakarsa kuwa ita ce, sati shida ba ya mai da mutum tela. Rigar mace tana da kafaɗa da hammata da ƙugu, kuma kowace mace da nata jikin, shi ya sa take cin shekaru. Labule kuwa da zanen gado da rigar matashi duk miƙaƙƙen ɗinki ne, taga ba ta ƙiba, ba ta ramewa. Wadda ta iya awo, ta iya yanka a miƙe, ta iya kalmasa baki da sa zif, ta riga ta sami abin sayarwa. Wannan kam sati shida ya isa, idan kullum ana kan keke.

Matsalar tana wajen masu haɗama. Wata tsohuwar ɗalibarmu ta shiga wani kwas na sati biyu inda aka jera mata sana'a har bakwai, daga haɗa sabulun ruwa zuwa rini zuwa ƙawata wurin biki. Su wajen talatin ne, keken ɗinki biyu. Ranar gamawa aka yi hotuna, aka ba ta takarda mai ruwan zinariya, ta dawo gida. Da mahaifiyarta ta ce ta ɗinka wa ɗakinsu labule, sai kuka. Ba laifinta ba ne, kallo ta yi, ba koyo ba. Kuɗin kuwa daga adashen uwar aka fitar.

Akwai kuma abin da yawancin kwasa-kwasan suke tsallakewa, wato lissafi. Ku yi haƙuri, malamin makaranta ba ya rabuwa da allo, bari mu kawo misali. Yadi ɗaya inci 36 ne a tsawo, faɗin atamfa kuwa wajen inci 45. Idan za a ɗinka rigar matashi mai inci 18, dole a yanka inci 19 saboda bakin ɗinki. A faɗi za a sami biyu, amma a tsawo ɗaya kawai, domin biyu suna bukatar inci 38. Ke nan yadi guda matashi ɗaya zai fitar, saura ya zama ƙyalle. Amma da za a rage girman matashin zuwa inci 16, a yanka 17, sai a sami guda huɗu, wato riga biyu daga wannan yadi ɗaya. Bambancin inci 2 ne ya ninka kayan. Haka labule: idan ana son ya yi tattara mai kyau, faɗin yadin ya zama ninki biyu na faɗin taga, ko biyu da rabi. Wadda ba ta san wannan ba za ta yanke wa mai aiki kuɗi a kan rabin yadin da take bukata, ta cika sauran daga aljihunta. Sa'an nan ga zare, ga zif, ga kuɗin mota zuwa Kejetia, ga wutar lantarki, ga kuma ladan hannunta, wanda mata da yawa ba sa sawa a lissafi sam. Sai a yi ta ciniki wata shida, jari yana narkewa, a ce wai maita ce ko baki.

To, wa zai saya? Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace nauyi. Kasuwa cike take da labulen gwanjo da zanen gado na gwanjo irin wanda ake buɗe dilarsa a Kantamanto ta Ankara, ga kuma sababbi masu araha daga ƙasar Sin. Wadda ta ɗinka nata ta kai bakin titi don ta yi gasar araha da waɗannan, ta faɗi tun ba a fara ba. Amma akwai abin da gwanjo ba ya yi: ba ya zuwa gida ya auna taga, ba ya daidaita launin labule da na zanen gado da na matasan kujera. Kasuwar wannan kuwa a cikin gidajenmu take. Babu ƙarshen satin da ba a ɗaura aure a zangunanmu, kuma kowace amarya sai an yi mata jere. A da, darajar ɗaki tana ga kwanuka da tasoshin da aka jera har sama. Yau ta koma ga labule da shimfiɗar gado da kujeru. Iyaye mata sun san abin da suka sha a 2022, lokacin da sidi ya faɗi, hauhawar farashi ta kai kashi 54 cikin ɗari a watan Disamba, kayan ɗakin da aka yi wa tanadi da adashen shekara biyu suka gagara. Kuɗin nan duka fita yake yi daga zango. Mun san wata baiwar Allah da labule kaɗai ta koya, ba ta da shago, tef ɗin awo ne a jakarta. Idan an sa ranar aure sai ta je ta gaida uwar amarya, ta auna ɗakin, su je kasuwa tare su zaɓi yadi. Daga biki ɗaya take samun na gaba, domin 'yan ganin ɗaki su ne masu yi mata talla.

Maza ma kada su ce wannan zancen mata ne. Kafintocin da aka taso daga Anloga aka mayar Sokoban suna haɗa ƙashin kujera da gado, kuma kowace kujera tana bukatar mai sa mata soso da yadi. Gyaran tsofaffin kujeru ma aiki ne da ba ya yankewa. Sai dai wannan ya wuce sati shida. Kwas zai buɗe wa yaro ido ne kawai, daga nan sai ya zauna ƙarƙashin maigida.

Abin da ya fi damun mu shi ne, a duk takardun tallan nan ba mu taɓa ganin dukanci ba, alhali shi ne kayan ado na gida da aka san Bahaushe da shi. Tumtum ɗin fata da ake sayar wa baƙi a kasuwar kayan gargajiya ta Ankara da cibiyar al'adu ta nan Kumasi, ba tare da an cusa masa komai ba don ya shiga akwati, aikin kakanninmu ne. Majemi ya jeme fatar akuya da bagaruwa, a rina ja da karan dafi, baƙi da kuloko, baduku ya yayyanka ya haɗa, a cika da audugar rimi ko tsumma. Shekara da shekaru ana rubuta jarrabawar aikin fata a makarantun sakandare na ƙasar nan, jami'ar Kwame Nkrumah ma tana koyar da shi, yaran da ba su gada ba suna samun digiri a kai, mu kuwa jikokin dukawa muna jin kunyar warin fata. Mun zauna da wani dattijo baduku, muka ce masa, Baba, da za a kawo maka yara goma na wata uku, za ka koya musu? Ya yi dariya ya ce jima dai ba ta wata uku ba ce, amma yanka da ɗinkin tumtum, idan yaro yana da natsuwa, zai iya. Abin da ya hana shi, babu wuri, babu kuɗin fatar da za su ɓata kafin hannu ya faɗa. 'Ya'yansa duka sun kama wasu hanyoyi. Muna ganin wannan aiki ne na sarakunan zango da ƙungiyoyin matasa da kwamitocin masallatai: ajin makarantar Islamiyya da yake zaune a rufe lokacin hutu ya isa, kuma bukata ce da za a iya kai wa majalisar Asokore Mampong a rubuce.

Ga mai niyyar biyan kuɗin kwas kuwa, ta je wurin da ƙafarta kafin ta ba da ko kwabo. Ta ƙirga kekuna, ta ƙirga ɗalibai. Ta tambaya ko yadi da zare suna cikin kuɗin ko nata ne. Ta nemi a nuna mata aikin waɗanda suka gama bara, ta juya shi ta ga ciki, domin a can ne ake gane ɗinki. Idan rini ne, ta duba ko ana ba da safar hannu ta roba, don sodar da ake haɗa rinin da ita tana ƙona fata da ido, kuma a gidajenmu na haya inda yara suke yawo a tsakar gida ba abin ajiyewa a kwalbar ruwa ba ce. Sa'an nan, kafin ranar farawa, a san inda keken zai fito, ko saye, ko aro, ko na wata gwaggo da yake ajiye a bayan ƙofa tun da idonta ya raunana.