Gidajen mishan na ƙauye: daga satar mota zuwa satar mutum

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Birnin Ƙwanni zuwa Madawa ya san Galmi, ko don albasarta, ko don asibitinta. A shekara ta 1950 ne ƴan mishan na ƙungiyar SIM suka buɗe wannan asibiti. Kafin nan sun sauka Damagaram tun 1924, daga baya suka zauna Tsibiri kusa da Maraɗi, kuma a 1956 suka kafa gidan jinyar kutare na Danja. Mafi yawan masu zuwa neman magani a wuraren nan musulmi ne, manoma da makiyaya, kuma ba a tambayar majinyaci addininsa a bakin ƙofa.

Irin waɗannan gidaje da gangan aka gina su nesa da manyan birane, inda babu likita, babu makaranta, ruwa kuma sai an sha tafiya. Shekaru da dama tsaronsu bai wuce shingen ƙaya da tsohon mai gadi da sandarsa da tocila ba. Ainihin katangarsu ita ce maƙwabta: mai gari ya san baƙonsa, ya san kuma kunya ce babba a taɓa baƙo a ƙasarsa. Ɓarawon wancan zamani akuya yake ɗauka, ko jarkar man fetur. Lokacin tawayen arewa, daga 1990 zuwa 1995, sai abin ya koma kan motoci masu shiga rairayi, ana tare ma'aikatan ƙungiyoyin agaji a hanya, a sauke su, a tafi da motar. Ko a lokacin, galibi dukiya ake nema.

Daren Abalak

Abin da ya faru a Abalak, cikin jihar Tawa, shi ya nuna zamani ya sake. Wani Ba'amurke mai suna Jeffery Woodke yana zaune a garin tun 1992, yana aiki da ƙungiyar JEMED wadda ke taimakon Buzaye da Fulani wajen rijiyoyi, da rumbunan tsimi, da makarantun ƴaƴan makiyaya. Yana jin harsunan mutanen wurin, yara da manya sun san shi. Ran 14 ga watan oktoba 2016, da dare, ƴan bindiga suka faɗa gidansa. Suka harbe mai gadinsa da wani sojan garda, suka jefa shi cikin mota, suka nufi iyakar Mali. Ministan cikin gida na lokacin, Mohamed Bazoum, ya ɗora zargi kan ƙungiyar MUJAO.

A lura: gidan nan yana da mai gadi, yana da soja mai bindiga, yana kuma cikin gari mai hukuma. Duk da haka aka shiga. Ƴan ƙasa biyu ne suka fara biya da rayukansu, su ne kuma jaridun waje suka fi saurin mantawa da su. Shi Woodke ya yi shekara shida da wata biyar a hannun waɗanda suka sace shi.

Jika ashirin

Labarin Masalata ya fi kusa da fashi irin wanda kowa ya sani. Ƙauye ne a gefen Birnin Ƙwanni, dab da iyakar Najeriya. A nan wani saurayi Ba'amurke, Philip Walton, ɗan wani ɗan mishan da ya daɗe a ƙasar nan, yake zaune da iyalinsa, yana kiwon raƙuma da tumaki, yana dashen mangwaro. Daren 26 wayewar 27 ga watan oktoba 2020, mutum shida ɗauke da bindigogi suka shiga gidan. Kuɗi suka fara tambaya. Da suka ga abin da ke gidan bai wuce jika 20 ba, sai suka ɗaure sauran mutanen gida, suka ɗora shi kan babur, suka ƙetare iyaka. Ran 31 ga watan sojojin Amurka suka sauka arewacin Najeriya da dare suka kuɓutar da shi.

A nan ne lissafin ɗan fashin yau ya fito fili. Kayan gidan mishan ba su da yawa: mota ɗaya, farantan hasken rana, kwalayen magani, ɗan kuɗin albashin ma'aikata. Amma mutumin da ke ciki, in baƙo ne daga Turai ko Amurka, ko limamin kirista mai ikilisiya a bayansa, ana ganin akwai wanda zai biya fansarsa, ko kuma a sayar da shi ga wata ƙungiyar da ta fi ƙarfi. Sojojin wata ƙasa sun zo don Walton cikin kwana huɗu. Manomin Madarumfa ko na Gidan Rumji da aka sace a irin wannan dare, danginsa ne ke sayar da shanu da gona su fanso shi, kuma ƴan bindigar ɗaya ne.

Yamma da kudu

A jihar Tillaberi abin ya fi muni. Ran 17 ga watan satumba 2018 aka sace Fada Pier Luigi Maccalli, ɗan Italiya, daga gidan mishan na Bomowanga a ƙasar Gurma, bai samu kansa ba sai oktoba 2020 a Mali. Ran 13 ga watan mayu 2019 aka faɗa mishan na Dolbel a gundumar Tera, aka harbi Fada Nicaise Avlouké a hannu da ƙafa, aka tafi da motar gidan.

Ta kudu kuwa, a jihar Katsina, inda ake da tsofaffin ikilisiyoyi a cikin Maguzawa da Hausawa kiristoci, an kashe Fada Alphonsus Bello a Malumfashi cikin watan mayu 2021, aka sace dattijon abokin aikinsa, Fada Joe Keke. Bayan shekara guda, ran 25 ga watan mayu 2022, aka shiga gidan limamai na Gidan Mai Kambu a ƙaramar hukumar Kafur, aka tafi da limamai biyu, Stephen Ojapah da Oliver Okpara, da samari biyu. Sun yi sama da wata guda a daji. Babu Bature ko ɗaya a cikinsu.

Abin da ya shafi Damargu

Mai karatu na Olelewa, ko Tanut, ko Belbeji, zai iya cewa waɗannan wurare da nisa. Amma Abalak da Damargu ɗamara ɗaya ce ta ƙasa, inda gona ke ƙarewa makiyaya ta fara, kuma burtalin dabbobi da hanyoyin rairayi sun haɗa su. Kwaltar Damagaram zuwa Agadas ta ratsa ƙasar Olelewa, ta wuce Bakin Birji inda matatar mai ta SORAZ take tun 2011, da nata masu tsaro. Da an sauka daga kwalta, sai ƙauyuka da rugage a warwatse, inda jandarma zai yi awoyi kafin ya iso, in ma waya ta samu shiga. Jihar Damagaram tana da nata tabon kuma: ran 16 ga watan janairu 2015 aka ƙone majami'u a birnin, kiristoci da dama suka fake a barikin soja, waɗansu kuma maƙwabtansu musulmi ne suka ɓoye su a gidajensu. Wancan tarzoma ce, ba fashi ba, amma tsoron da ta bari bai bambanta ba.

Bayan kisan Kure na ran 9 ga watan agusta 2020, inda aka hallaka Faransawa shida ma'aikatan agaji da ƴan ƙasa biyu, hukuma ta tsananta dokar rakiyar soja ga baƙin da ke fita karkara. Dokar tana da hujja. Sai dai likitan da ba ya iya zuwa ruga sai da motar soja, sau nawa zai je a shekara? Kuma gidan da aka kewaye da doguwar katanga da waya mai ƙaya, matar da ta kawo yaro mai zazzaɓi tsakar dare za ta daɗe tana buga ƙofa. Inda ƴan mishan suka janye gaba ɗaya, kamar Bomowanga, ƙauyawan da ke cin moriyar gidan ne aka bari da asarar, su da ƴan bindigar a daji guda. Har babban birni bai tsira ba: cikin watan oktoba 2025 aka sace wani matuƙin jirgin sama na ƙungiyar SIM daga gidansa a tsakiyar Yamai.

Ran 20 ga watan maris 2023 aka ga Jeffery Woodke a filin jirgin saman Yamai, yana dogara sanda, tare da ɗan jaridar Faransa Olivier Dubois wanda aka sako rana ɗaya da shi. Daga nan aka wuce da shi ƙasarsu wurin iyalinsa.