Yadda Addinin Hindu Yake Fuskantar Wahala, da Abin da Makiyayi Zai Koya

A watan Agusta na 2019 gwamnatin Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba a buɗe ta Illela ba sai a watan Disamba na 2020. Aka sake rufe ta a watan Agusta na 2023, bayan juyin mulkin Nijar, har zuwa Maris na 2024. Duk wanda ya san Illela ya san abincin garin yana rataye ne a kan hanyar Birnin Konni. Da hanya ta rufu, motoci suka tsaya, 'yan dako suka zauna, ƙananan 'yan kasuwa suka cinye uwar kuɗinsu. Idan ɗan ikilisiya da wannan ya shafa ya zo wurinka, ya ce, "Baba Fasto, me na yi?", wace amsa za ka ba shi?

Kowane addini yana da amsarsa. A wannan darasi za mu duba ta addinin Hindu, wanda yake da mabiya fiye da biliyan 1, yawancinsu a Indiya. Mutanenmu sun san Indiya ta finafinai, akwai kuma Indiyawa masu kasuwanci a Kano da Legas. Ya kamata makiyayi ya san abin da maƙwabcinsa ya gaskata kafin ya auna shi.

Littafin da mabiya Hindu suka fi komawa gare shi a lokacin ƙunci shi ne Bhagavad Gita, mai sura 18 da ayoyi 700, wani sashe na babban labarin Mahabharata. Jarumi Arjuna ya tsaya a filin yaƙi na Kurukshetra, ya hangi danginsa da malamansa a cikin abokan gaba, gwiwarsa ta yi sanyi, ya yar da bakansa. Sai Krishna, mai tuƙa masa karusa, wanda suke ɗauka allah ne cikin siffar mutum, ya shiga koya masa. Za mu ɗauki abu uku daga koyarwar.

Na fari, daɗi da wuya baƙi ne, suna zuwa suna wucewa kamar hunturu da bazara. Ainihin ran mutum, wanda suke kira atman, ba ya mutuwa. Saboda haka mai hikima ba ya kumbura a ranar riba, ba ya rushewa a ranar hasara. Na biyu, mutum ya yi aikin da ya wajaba a kansa, wato dharma, ba tare da ya ɗaura zuciyarsa ga sakamakon ba. Manomi ya yi shuka ya yi noma, amma damina ba a hannunsa take ba. Na uku, ya miƙa aikinsa da kansa ga allahnsa cikin ƙauna da dogara.

Wannan ba zaman jiran ƙaddara ba ne. A ranar 7 ga Yuni 1893 aka fitar da Mahatma Gandhi daga jirgin ƙasa a tashar Pietermaritzburg ta Afirka ta Kudu saboda launin fatarsa. Bai rama ba, bai kuma koma gida ba. Ya zauna a ƙasar shekara 21 yana yaƙar wariya ba da makami ba, kafin ya koma Indiya ya ci gaba. Shi da kansa ya shaida cewa Gita ce take ta'azantar da shi, ya kuma ƙaunaci Wa'azin Yesu a kan Dutse.

Akwai abin koyo a nan. Bahaushe ya ce haƙuri maganin zaman duniya, amma sau da yawa haƙurinmu naɗe hannu ne. Gita ta haɗa natsuwar zuciya da tashi a yi aiki. Manzo Bulus ma daga kurkuku ya rubuta wa Filibiyawa, a sura 4, cewa ya koyi zama da gamsuwa ko cikin ƙoshi ko cikin yunwa, bai kuwa daina hidima ba.

Amma akwai inda hanya ta rabu. A koyarwar karma, abin da ya sami mutum yau girbin abin da ya shuka ne, a wannan rayuwa ko a wadda ta wuce, gama sun gaskata ana sake haihuwar rai sau da yawa. Mabiya Hindu da yawa suna ɗaukar wannan gargaɗi ne ga kansu, ba sandar dukan wani ba. Duk da haka an yi amfani da shi wajen danne ƙasƙantattun Indiya, waɗanda ake kira Dalit. Dakta B. R. Ambedkar, ɗaya daga cikinsu, wanda ya jagoranci rubuta tsarin mulkin Indiya, ya bar addinin a 1956, ya shiga na Buddha tare da ɗimbin mabiyansa.

Kada mu yi saurin nuna yatsa, domin wannan tunani yana cikin ikilisiyoyinmu. Abokan Ayuba sun nace cewa zunubinsa ne ya jawo masa masifa, Ubangiji ya tsawata musu. A Yohanna 9 almajirai suka tambaya ko laifin wa ya sa aka haifi mutum makaho, Yesu ya ƙi ɗora wa mutumin ko iyayensa. Bai kuma koya mana shanye hawaye ba, gama a kabarin Li'azaru ya yi kuka. Begen mai bi ba daga ƙarfin zuciyarsa yake fitowa ba, daga Almasihu ne wanda ya sha wuya tare da mu, ya kuma tashi.

To, ɗan'uwan nan na Illela, kada ka bincike shi kamar mai laifi. Ka zauna da shi, ka bar shi ya faɗi damuwarsa, ku yi addu'a. Ka ƙarfafa shi ya kama aikin da yake iya yi yau. Sa'an nan ka kira dattawan ikilisiya, a auna masa hatsi.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Mene ne bambancin haƙuri da naɗe hannu?
2. A ina ka taɓa jin tunani irin na karma a cikin wa'azinmu?
3. Wane shiri ikilisiyarku take da shi domin ranar da kasuwa ta tsaya?